Baƙon da Ya Doso Challawa

Tun farkon damina aka girke su a filin wata tsohuwar masaƙa da ke Challawa, wadda injunanta suka daɗe da yin shiru. Sojojin sama ne. Sun kafa na'urar rada mai hango jirage a inda da can ake shanya yadi, suka ajiye kwantena a gefenta, a ciki suke aiki. An kawo su ne saboda labarin da ya iso cewa 'yan ta'adda sun samu jirage marasa matuƙi, irin waɗanda ake ɗaura wa bam.

Laftanar Shifa'u Abdulbaqi 'yar Dorayi ce, mahaifinta malamin fiƙihu. Ba ta tuƙa jirgi, amma matuƙin jirgin yaƙi ba ya ganin abokin gaba sai da idonta. Shi yana can sama yana tsala gudu, abin da ke gabansa kaɗai yake gani. Ita kuwa tana zaune gaban allo, sararin Kano duka yana shimfiɗe a gabanta. Aikinta ta faɗa masa ta ina abokin gaba yake, nisansa nawa, tsayinsa nawa, ina ya dosa. Da zarar ɗaya ya canja, sai ta sake faɗa. Da Turanci suke yi a rediyo, gajerun kalmomi, ba gaisuwa ba ƙari.

Ranar da abin ya faru, sun idar da sallar azahar ke nan, hadari ya haɗo daga gabas ya yi baƙi ƙirin. Sajan Mamman, wanda ke zaune a kujerar kusa da ita, ya nuna ƙasan allon da yatsa.

"Ranki ya daɗe, dubi nan."

Wani ɗan ɗigo ne a kudu, yana tahowa a hankali. Mamman ya kira hasumiyar filin jirgi, suka ce ba su da wani jirgi a wannan yankin. Shifa'u ta yi kira a rediyo sau da yawa, ba amsa. Abin ƙarami ne, yana tafiya ƙasa-ƙasa, kuma kai tsaye yake nufo Challawa.

Kwamanda Alhassan, shugaban sansanin, ya shigo hannun rigarsa a naɗe. Bai daɗe yana kallo ba ya ɗaga waya ya ce a tashi jirgi.

Jim kaɗan muryar matuƙin ta shigo kunnenta. Abdulwahid ne, wanda a rediyo ake kira Shaho. Ita kuma sunanta a rediyo Rumbu.

"Rumbu, Shaho ne. Na tashi. Ina baƙon?"

"Shaho, Rumbu. Baƙo ɗaya, kudu da kai, mil talatin, ƙafa dubu biyu, ya doso arewa. Karkata dama kaɗan."

"Na ji."

A allo ɗigon biyu suka kama matsar juna, ɗaya a guje, ɗaya kamar mai jan ƙafa. Tana ta rage masa nisan, muryarta ba hawa ba sauka. Sai baƙon ya juya.

"Shaho, sabon bayani. Baƙo ya karkata gabas, ya sauko ƙafa dubu ɗaya. Yana hagunka yanzu, mil takwas. Juya hagu."

Jim kaɗan Abdulwahid ya ce, "Na gan shi. Babu matuƙi. Akwai abu biyu a ƙarƙashin fukafukansa." Numfashinsa ya fito a rediyon. "Na wuce shi. Tafiyarsa ta yi sanyi, ba zan iya tsayawa a bayansa ba. Zan zagayo."

Wannan ita ce matsalar. Jirgin yaƙi ba ya tafiyar hawainiya. Duk wucewa ɗaya sai ya yi dogon zagaye kafin ya dawo, kuma a cikin zagayen nan baƙon na ɓace masa. Sai abin da ta faɗa masa kawai.

A daidai nan jiniyar masana'antar fata da ke maƙwabtaka da su ta ɗauka. Lokacin canjin aiki ya yi. Shifa'u ba ta buƙatar leƙawa waje. Ta san yanzu ƙofofi sun buɗe daga nan har Sharada, masu fita na cakuɗe da masu shiga, adaidaita sahu sun toshe titi, masu abinci na ta zuba wa mutane a kwano. Ba ta ɗauke ido daga allon ba.

Ruwa ya sauko a kudu maso gabas. Allon ya cika da dishi-dishi, ɗigon ya shige ciki ya ɓace.

"Rumbu, na zagayo. Ina yake?"

Ta so ƙwarai ta ba shi lamba, ko da ta zato ce. Amma ta san in ta ba shi zato, zai ɗauke shi tabbas ne.

"Shaho, baƙo ya ɓace mini. Ganin ƙarshe, kudu da kogin Challawa, mil shida, yana gabas. Tsaya a sama, kada ka sauko."

"Nemo shi, Shifa'u," in ji Kwamanda a bayanta, a hankali.

Ɗigo ya bayyana a gabas, gefen ruwan. Nan take ta ce, "Shaho, ga shi. Gabas da kai, mil biyar. Juya dama."

Jirgin ya juya. Sai ga wani ɗigon kuma ya fito a yamma, ƙarami, yana lumshewa yana dawowa. Ta zuba wa na gabas ido: yana faɗaɗa, yana bin iska. Na yamma kuwa bai canja girma ba, tafiyarsa ɗaya, kuma ya miƙe arewa. Ashe da ya shiga ruwan, baya ya juyo.

"Shaho, gyara! Gyara! Wancan ruwa ne. Baƙo yana yamma, bayanka, mil bakwai, ƙafa ɗari takwas, ya doso Challawa. Juya hagu da ƙarfi."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata. Juya."

Kuskuren ya ci musu lokaci. Kafin Shaho ya gama juyowa, baƙon ya rage tazarar da ke tsakaninsa da kogi. Daga kogin kuwa sai gonaki 'yan kaɗan, sai rufin masana'antu da tankunan mai.

Kwamanda ya sauke wayar da yake magana da manya, ya ce, "An ba da izinin harbo shi. Kada ya haye kogi."

Ta isar da umarnin. Ta ci gaba da jero masa: mil huɗu, hagu kaɗan, mil uku, ya sake saukowa, yana gabanka sosai.

"Na kama shi," in ji Abdulwahid. "In harba?"

Ta dubi taswirar da ke ƙarƙashin ɗigon. Akwai ƙauye a wurin, ta san shi, sun sha bi ta kasuwarsa. In aka kakkaɓo shi yanzu, a kan rufin mutane zai zube da bama-bamansa.

"Dakata. Ƙauye ne a ƙasansa."

"Rumbu, ina cim masa. In na wuce, ba zan samu wani zagayen ba."

"Na sani. Dakata."

Ba wanda ya yi motsi a kwantenar. Mamman na ta motsa leɓe yana salati. Kwamanda ya dafa bayan kujerarta, ta ji kujerar ta ɗan girgiza. Ɗigon ya ja jiki ya bar ƙauyen, ya ratsa gonaki, ya taɓa layin kogi.

"Yanzu, Shaho. Harba."

Hasken rada ya zaga allon sau ɗaya, ɗigon na nan. Ya sake zagawa, babu shi. Sai ƙarar fashewar ta iso gare su, mai nauyi, har ƙofar kwantenar ta yi rawa.

"Ya faɗi," in ji Abdulwahid. "A kan yashi, tsakiyar kogi."

Shifa'u ta ba shi hanyar komawa gida, ta jira har ya sauka. Sannan ta cire abin kunnenta, ta ɗauki gorar ruwa ta sha.

Kafin la'asar sakaliya labari ya zo cewa ba a rasa rai ba, amma akwai masu lodin yashi a bakin kogin, kuma wani ƙarfe ya sami ɗayansu a ƙafa. Sunansa Shu'aibu, mutumin Jigawa.

Washegari ta nemi izini ta je asibiti cikin kayan gida. Ta same shi kwance, dattijo ne mai furfura a gemu, ƙafar a naɗe har gwiwa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, sannunku. Ya jiki?"

"Da sauƙi, 'yata. Daga ina?"

Ta faɗa masa. Ya ƙare mata kallo.

"Ke kika tuƙo jirgin?"

"A'a, Baba. Ni ce na ce wa matuƙin ya harba a wurin. Allona ba ya nuna mutum, yashi kawai na sani a nan."

Ya mayar da kallonsa kan silin. Sannan ya ce, "An faɗa mini inda abin ya nufa. Ban ce kin yi laifi ba. Amma ƙafar nan da ita nake ci."

Ta zauna a gefen gadon har aka kira azahar, ta taimaka aka kawo masa ruwan alwala, sannan ta yi masa sallama.

Ƙafar ta warke, sai dai ya fito da ɗingishi, bai ƙara iya ɗaga shebur ba. Kwamanda Alhassan ya yi magana da wani mai kamfanin roba a Sharada, aka ɗauke shi gadin ƙofa. Duk ranar da Shifa'u ta tashi aiki za ta koma Dorayi, ta nan take bi. Wani lokaci ya ɗaga mata hannu daga kan bencinsa, wani lokaci kuma yana can yana buɗe wa tirela ƙofa, har ta wuce bai gan ta ba.