Tukunyar Dusar Inna Hure

"Matso da ita nan in sansana," in ji Inna Hure.

Na tallabo tukunyar na durƙusa a bakin tabarmarta, na ɗaga faifan. Kumfa ya ɗan taso a kan ruwan dusar. Ta miƙo wuya da ƙyar, ta ja numfashi, tari ya sarƙe ta.

"Ba ta kai ba, Shatu. Sai gobe. Motsa ta ki ruhe."

Kwananta tara ke nan a kwance. Maƙwabciyata ce a Dumega, darni ɗaya ya raba gidajenmu. Ita kaɗai take zaune, ɗanta Jatau yana noma a Tibiri.

Shekarar da fara ta cinye gero aka kwashi mijina Illo zuwa aikin hanya na Nasara. Aka bar ni da goyon Habsatu da kaji biyu, ƙashin ƙirjinsu ya fito kamar wuƙa. Dusar da nake samu a surfen mutane ba ta cika tafi uku, ita ma rabi mu muke ci. Wata safiya Inna ta leƙo ta kan darni, ta gan ni ina watsa musu ita busasshiya.

"Ke ɗiyata, iska kike ciyarwa ko kaji?"

A ranar ta koya mini. A zuba dusa a tukunya, ruwa ya haye ta da yatsa biyu, a rufe, a riƙa motsawa safe da yamma har kwana uku. In ta yi ƙamshin tsami irin na gasarar koko, ta yi. In ta yi hunhuna, a zubar, kada a yi rowa. Ta ɗebo ludayi guda daga ruwan tukunyarta ta zuba a tawa, wai don ta kama da wuri. Tafi ɗaya sai ya kumbura ya kusa biyu. Kafin wata biyu kajina suka fara ƙwai. Ƙwan nake kaiwa kasuwa in dawo da nono, nonon nan kuwa shi ya riƙe Habsatu lokacin yaye.

Ranar da ta ce dusar ba ta kai ba, da hantsi, sai ga gardi, ɗan sandan Nasara, da jar hula yana bin gidaje. Kumandan, Baturen mulki, zai sauka rangadi, an ce kowane gida ya ba da kaza. Ni kuwa shaho ya riga ya ɗauke mini ɗaya, wadda ta rage tana kwance a kan ƙwai goma sha ɗaya. Na roƙe shi, ko kallona bai yi ba. Ya sunkuya zai ɗago ta ke nan muka ji murya daga bayan darni.

"Ɗana! Zaka nan."

Muka zagaya. Inna ta ja jiki har bakin ƙofar ɗakinta, ta jingina da gefen ƙofar, gumi yana keto mata.

"Kama jan zakaran can. Na gida biyu ne."

"Tsohuwa, gida biyu kaji biyu anka ce."

"Ɗauke shi ka ji tukuna."

Sai da ya zagaya rumbu sau uku kafin ya cafke shi. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya jinjina, ya mayar da shi ɗaya hannun, sai ya fashe da dariya.

"Kai! Wanga mi kike ba shi, nama?"

"Dusa ce, ta kwana ukku."

Ya ɗaure masa ƙafafu ya rataya, ya wuce gida na gaba.

Na zauna kusa da ita ina hawaye, don na san zakaran nan Jatau take ajiye wa, ranar da zai zo.

"Inna, da mi zan saka maki?"

"Jatau ya ci kaji da yawa a hannuna. Tashi ki maida ni ciki, rana ta dame ni."

Washegari da safe na sake kawo tukunyar. Ta daɗe tana shaƙa, idonta a rufe.

"Ta yi. Ba su."

Na juye a kasko a inda za ta gani, kajinta biyar suka rufa a kai. Ta yi ta kallonsu, sannan ta ce in ba ta ruwa. Randarta babu ko ɗigo, na ruga gidana na ɗebo. Da na dawo, kanta ya karkata a kan tabarma, hannunta a buɗe. Na kira ta sau biyu. Na ajiye moɗa na fita kiran mutane.

Da la'asar aka binne ta. Jatau bai iso ba sai washegari. Ya zauna aka yi masa gaisuwa, ya ɗaure ƙoranta da zannuwanta, ya kira ni gefe.

"Kajin da tukunya naki ne, Shatu. Tun watan jiya ta aiko mani da hakanan."

Sai na durƙusa.

Da magariba na zagaya in kora kajin gidana. Na same su su biyar a bakin ɗakinta, sun jeru jikin asabarin da aka saki, suna jira a buɗe musu. Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ina tsallakar da su ta kan darni.