Yatsan Khairiyya

Duk macen da ta taɓa aurar da 'ya a unguwar Sabo ta Ibadan ta san Atika mai lalle. Ko ba ta san fuskarta ba, ta ga aikinta a hannun wata amarya. Har matan Yarbawa daga Mokola keke yake sauke su a bakin lungunta, su shigo suna kiran Iya Khairiyya, su baje ƙafafu a tabarma a zana musu. Hannu dai Allah ya ba ta. Sai dai ya haɗa mata da zuciya mai saurin zargi, irin wadda ko cokali ne ya ɓata sai ta tuna duk wanda ya shigo gidan tun safe.

Sana'ar tata gaba ɗaya a waya take. Ta nan ake neman ta, ta nan take tura hotunan zane, ta nan kuɗi ke shigowa. To amma wayar ta ƙi jinin yatsunta. Mai yini cikin lalle da ruwan lemon tsami, yatsa ya jiƙe ya yi laushi ya rine, ko ta ɗora shi sau goma sai wayar ta girgiza ta ce ba ta gane ba. Da abin ya ishe ta, sai ta sa Manniru mai gyaran waya a bakin titi ya saka babban yatsan 'yarta Khairiyya, yarinya 'yar shekara tara. Shi ke nan Khairiyya ta zama hannun uwarta. Ita ke buɗewa, ita ke kara mata a kunne, ita ke ɗaukar hoton ƙafar amarya.

Sai ga saƙon banki ya fara shigowa a lokutan da Atika ba ta sayi komai ba. Ba wani abu mai yawa ba ne, ɗan tsinke-tsinke ne, yau a yanki kaɗan, jibi a ƙara. Amma Atika ba macen da za a yi wa tsinke ta yi shiru ba ce. Ta zargi banki, ta zage su tas a tsakar gida alhali ba sa ji. Ta zargi wata amarya da ta riƙe wayar tana zaɓen zane. Ta zargi mijinta Muhammadu, wanda tun asuba yake tafiya kasuwar shanu ta Akinyele, bai ma san kalar jakar wayar ba. Da ta gaji da zargin iska, ta yafa mayafi ta tafi wajen Manniru, shi ma tana kallonsa da wutsiyar ido, don ai shi ya taɓa haɗa mata katin bankinta da wayar lokacin da ta sayi manhajar gyaran hoto.

Manniru ya latsa nan ya latsa can, ya juyo mata da fuskar wayar. Ya ce ba banki ba ne, ba kuma 'yan damfara ba ne. Wani gem ne na yara, na kwalliyar 'yar tsana, ana sayen riguna da takalma da sarƙa a cikinsa da kuɗin gaske. Kuma wayar ba ta sakin kuɗi sai an ɗora yatsan da ta sani. Ya ce gyaran ba wuya, yanzu-yanzu zai cire katin, ya sa lambar sirri wadda sai ita kaɗai ta sani, ko rigar 'yar tsana ce ba za a saya ba sai ta amince.

Atika ta miƙa hannu ta karɓe wayarta.

"Bar shi tukuna. In ka kulle, ta yaya zan san wanda ya yi min? Ni ba kullewa nake so ba, kamawa nake so."

"Hajiya, ai yatsa ɗaya ne a ciki."

"Na sani. Yatsan nata ne, amma dabarar ba tata ba ce."

Ka ji fa. A hanyar komawa gida ta gama shari'ar a ranta. Khairiyya da ko canjin aike ba ta taɓa ɓoyewa ba, yarinyar da in an yi mata tsawa sai ta yini tana sheshsheƙa, ina ta ga wayon sayen kaya a cikin waya? Wani ne yake amfani da ita. Kuma ba sai an je nesa ba, yaro ɗaya ne yake shiga gidan kamar gidansu, wato Yahya ɗan Amatullahi.

Nan ne fa abin ya tsaya mata a wuya, domin Amatullahi ba maƙwabciya ce kawai ba. Katanga ɗaya ta raba su, kuma tun suna amare suke tare. Amatullahi ce ta riƙe ta a keke ranar da naƙudar Khairiyya ta taso mata Muhammadu ba ya nan. Ita ce ke soya cincin da dubulan a gida, duk amaryar da ta yi mata odar kayan gara sai ta turo ta wajen Atika lalle, ita ma Atika ta tura mata nata. Abin da Atika ba ta iya faɗa wa mijinta, Amatullahi take faɗa wa ta kan katanga. A duk Ibadan ba ta da wata 'yar'uwa da ta wuce ta, kuma ta sani sarai maganar nan in ta fita za ta iya raba su.

Sai ta yi shiru ta sa ido. Wallahi kwanakin nan ko gaisuwar Yahya ta daina yi mata daɗi. In ya durƙusa ya ce Mama ina kwana, sai ta ga ladabin ya yi yawa. In ya kawo cincin daga uwarsa, sai ta ce a ranta toshiyar baki ce. In ya yi dariya da Khairiyya cikin Yarbanci, kamar yadda duk yaran unguwar suke yi, sai ta ɗauka sirri suke yi don kada ta gane da wuri. Har Amatullahi ba ta tsira ba. Ta sayi sabon mayafi, Atika ta bi shi da kallo tana tambayar kanta ko uwar ta sani, ko da yake mayafi da rigar 'yar tsana ba abin da ya haɗa su. Amatullahi ta lura, ta tambaye ta ko lafiya, ta ce ciwon kai ne.

Wata ranar Alhamis da babu islamiyya, ta ɗana tarkonta. Ta ajiye wayar a kan tabarma a tsakar gida, ta ce za ta ɗan kwanta, ta shiga ɗaki ta tsaya bayan labule. Ba a jima ba Khairiyya ta ɗauki wayar, Yahya ya matso ya zauna kusa da ita. Suka haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa. Can sai Atika ta ga yaron ya cafke wuyan hannun 'yarta, babban yatsanta yana daidai kan wayar, yarinyar tana fisgewa shi yana riƙe. Wayar ta yi ƙarar shigowar saƙo.

Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta fito kamar an harbo ta, ta damƙi kunnen Yahya, ta ja shi ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Da ta bi ta cikin gida wajen Amatullahi, da wataƙila abin ya mutu a tsakanin mata. Amma zuciya ta ɗebe ta, ta tsaya a zaure inda uban yaron, Malam Maliki, yake zaune da manyan ɗalibansa 'yan kasuwa suna karatun littafi. A gabansu ta faɗi duk abin da ta gani, ta kira yaron da sunan da ba a kiran ɗan mutunci da shi. Yahya yana cewa wallahi Baba ba haka ba ne, hana ta nake yi, ba wanda ya saurare shi. Aka juya ga Khairiyya da ta biyo su, aka tambaye ta, ta sunkuyar da kai tana kuka. Kowa ya ɗauki kukan a matsayin shaida.

Malam Maliki mutum ne mai kunya da gudun abin magana. Ya ba Atika haƙuri, ya sallami ɗalibansa. Dukan da ya yi wa yaron, Atika ta ji shi daga ɗakinta. Amatullahi kuwa ta leƙo zaure tun lokacin da ake kai ƙarar, ta kalli Atika kallo ɗaya, ta koma ciki. Daga ranar katangar ta zama katanga.

Atika ta ji zafin rashin aminiyarta, amma ta lallashi kanta da cewa gaskiya ta bi. Ba ta koma wajen Manniru ba, tunda a ganinta an kama mai yi. Yaran lungu suka samu na wasa, duk inda Yahya ya gifta sai a bi shi da ɓarawon waya, har ya daina fita.

Sai kuma saƙon banki ya sake shigowa.

Ta ce tsohon ciniki ne bankin ya makara wajen cirewa. Wani ya shigo, ta ce Yahya ne yake koya wa yarinyar ta kan katanga, har ta je ta tsaya tana duba ko akwai inda ake takawa a leƙo. Kowa ta yarda ta zarga, ban da wadda take kwana a ɗakinta. Ranar da gaskiya ta kama ta, tana tsakiyar zana wa wata amarya ƙafa ne, ta tashi ɗauko auduga, ta tarar da Khairiyya a bayan ƙofa ita kaɗai, yatsa a kan waya, 'yar tsana a fuskar wayar ta sha riga mai walƙiya.

Yarinyar ba ta yi gardama ba. Ta ce ita ba ta san kuɗin Umma ne yake tafiya ba da farko, ta ɗauka wayar ce take ba ta kyauta don ta san yatsanta. Yahya ne ya gane, ya ce ta daina. Ranar Alhamis ɗin nan ma cewa ya yi in ta sake zai faɗa, ta ce sai ta saya, shi ne ya riƙe mata hannu. Da aka tambaye ta a zaure, tsoro ne ya hana ta magana, don ta ga yadda fuskar Umma ta koma.

Atika ko dukan yarinyar ta kasa yi. A yammacin nan ta kai wa Manniru wayar, ya cire katin, ya sa lambar sirri, ya goge gem ɗin. Aikin da bai kai a sha kofin shayi ba. Ta tsaya tana kallon hannunsa, takaici kamar ya kashe ta.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne mai nauyi. Ta san dole ta shiga gidan Malam Maliki ta wanke yaron. To amma wanke Yahya yana nufin ta faɗi sunan 'yarta, kuma Sabo ba ta mantuwa. Namiji a kira shi ɓarawo yana yaro, ya girma a manta. Mace kuwa, ranar da aka zo neman aurenta sai wata tsohuwa ta tuno. Haka ta riƙa faɗa wa kanta. Yau ta ce sai gobe, gobe ta ce amare sun yi yawa, jibi ta ce bari ta samu lokacin da Malam yake shi kaɗai. Tana jin motsin Amatullahi ta bayan katanga, tana jin ƙamshin suyarta, ta buɗe baki za ta kira ta sai ta fasa. Kunya ce, ba wani abu ba, kuma ta bar ta ta yi ta jan ta har mako ya zagayo ya wuce.

Ranar da ta iya, da hantsi ne. Ta riƙo hannun Khairiyya suka shiga da sallama. Amatullahi tana zaune gaban kasko, ta amsa, ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa a kofin da ake ba baƙi. Atika ba ta taɓa shan ruwa a kofin nan ba. Ta faɗi komai ba ta rage ba, tana hawaye, ta ce a kira mata Yahya ta roƙe shi gafara da bakinta, sannan ta je zaure ta faɗa a gaban waɗanda ta faɗi ta farko.

Amatullahi ta tsame cincin daga mai, ta juye a kwando, sannan ta ɗago.

"Na sani. Tun ranar ya faɗa min, kuma na yarda da ɗana. Malam ne ya ce maganar uwa ba shaida ba ce. Ya ce in ke da kika kawo ƙara kika dawo da ƙafarki kika wanke shi, zai bar shi ya zauna. In ba haka ba, ba zai iya ganin ana nuna ɗansa a unguwar da yake karantarwa ba."

"Ya zauna? Ina za shi?"

"Kontagora, wajen ƙanin Malam. Da asubar nan ya kai shi tashar Ojoo."

Atika ta ce innalillahi. Ta ce a kira direban, a sauke shi, ita za ta biya kuɗin motar dawowa. Amatullahi ta girgiza kai, ta ce yaron da kansa ya ɗaure kayansa, ya ce ko an bar shi ba zai zauna ba.

"To me ya hana ki aiko min? Ko ta kan katanga ki kira ni, Amatullahi."

"In kira ki in ce miki 'yarki ce? Da kin yarda?"

Atika ta san ba za ta yarda ba. Amatullahi ta ci gaba.

"Ranar da kika kai wayarki aka kulle, Manniru ya faɗa wa Malam a masallaci, bai san me ke nan ba. Shi ne na gane kin sani. Na roƙi Malam ya ƙara min kwanaki, na ce Atika za ta zo. Kullum ina zaune a nan ina sauraron ƙofa."

Ta mayar da kaskon kan wuta, ta zuba wani cincin ɗin, mai ya ɗauki ƙara. Ba ta sake ɗagowa ba.

"Na yafe miki, Maman Khairiyya. Ki gaida gida."