Kicin Ɗin da Uwa Ta Wanke

Aikina shi ne toshe tagogi da bargo da rana tsaka. In ɗaki ya yi duhu sai in fesa ruwan magani a ƙasa, duk inda jini ya taɓa zuba, ko an goge shi, sai ya yi haske shuɗi. Wasu tsafi suke ɗaukarsa. Ni dai na san ba a kirana gidan da ake dariya.

Wannan karon kicin ne na wata malamar makaranta da ta ɓace. Mijinta, direban babbar mota, ya ce faɗa suka yi, ta ɗauki jaka ta fice. Uwarta ta ce ƙarya ne, 'yarta ko kanti ba ta zuwa ta bar jaririnta. Ita ta yi ta sintiri ofishin 'yan sanda har suka gaji suka turo ni. Ta kafe a bakin ƙofa, na kasa korarta.

Ina fesawa ƙasan ya kama haske gaba ɗaya, daga gindin murhu har rabin bango.

"Ɗan nan, ka gani ko?" ta ce a hankali. "Jininta ne."

Hasken jini a natse yake, yana jimawa. Wannan kuwa ƙyalli yake yi yana mutuwa nan take. Bilic ne, sinadarin nan na wanki. Shi ma yana kunna maganin, kuma in ya ci wuri sosai ba ya barin abin da za a kai ɗakin gwaji.

"Mama, wa ya wanke nan?"



"Washegarin ɓatanta mijin ya kira ni. Wai in zo in ga ƙazantar da 'yata ta bari, ga danginsa na hanya. Ƙasa duk danƙo, ya watsa ruwa, ya ce miya ce ta kife. Na ce ba za a zagi tarbiyyata ba. Shi ya miƙo min jarkar bilic ɗin. A kan gwiwa na bi, lungu-lungu."

Ina jiyo mijin a tsakar gida yana yi wa jaririn wasa.

"Amma ai ba za ka rasa ko ɗigo ɗaya ba?" ta ce.

Na durƙusa na duba ƙarƙashin kabad, bayan ƙofa, tsakanin tayil, har ƙafafun teburi. Tunda na fara wannan sana'a ban taɓa ganin wanki mai kyau irin nata ba.