Tsagar Soron Gwaram

A zamanin da maharan Ningi suka hana mutane sakat, kowa a Birnin Kudu ya san Badaru magini, shi ma kuwa ya san an san shi, har tafiyarsa ta nuna. Da ƙanwarsa Turai ta yi aure a Gwaram, da kansa ya je ya gina wa uwar mijinta, Inna Barira, soro, don dangin miji su san irin gidan da ta fito.

A damina ta biyu bangon ya tsage daga ƙarƙashin azara. Badaru ya zo ya yi abin da ya gada, ya shafa laka siririya a kan tsagar. In lakar ta fashe, bango yana buɗewa ke nan, sai a fitar da tsohuwa. In ba ta fashe ba, gini ya zauna. Duk ranar kasuwar Gwaram yakan hau jaki ya zo, ya tarar da lakar lafiya lau, ya ce wa Dabo, mijin Turai, ya kwantar da hankalinsa.

Ashe lakar ta sha fashewa. Turai ce ke riga kowa gani, ta tuna bakin matan gidan, masu jira su ce ginin wanta ya gaza, sai ta kwaɓa sabuwa ta shafe. 'Yar gidan magina ce, hannunta bai bambanta da nasa ba. A ganinta rufin asiri take yi.

Wata la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, soron ya rufta da Inna Barira a ciki.

Da maza suka dawo daga maƙabarta, Turai ta ja Badaru bayan rumbu, ta faɗa masa komai. Ya ji ya tsane ta, ita da ƙaunar tata. Amma ya san in maganar ta fita, sunanta ya zama wadda ta kashe uwar miji, ba ta da sauran wurin zama a garuruwan biyu.

Dabo ya tare shi a zaure, gaban masu ta'aziyya.

"Malam Badaru, kai ka ce mu bar ta a ciki."

"Ni na ce."

"Lakar taka ba ta nuna maka komai ba?"

Badaru ya dubi ƙasa. "Ta nuna. Ni na raina."

Turai ta tsufa a ɗakinta da mutuncinta. Shi kuwa, ko akurkin kaji ba wanda ya sake kiransa ya gina.