Saura Lamba Ɗaya

Da hantsi jaririyar ta faɗo, kukanta ya cika ɗakin haihuwa. Nanret, ungozomar da ke aiki ranar a wani asibiti da ke unguwar Camberwell, can ƙasar Turawa, 'yar Filato ce mai Hausa a baki. Ta goge yarinyar, ta ɗora wa Fauziyya a ƙirji, sannan ta waiga ta ce wa maigidan, Almu, ya matso ya yi wa 'yarsa huɗuba.

Almu bai ɗago ba.

"Ina zuwa," ya ce. "Saura lamba ɗaya."

Fauziyya ta ɗauka wahala ce ta toshe mata kunne. Tun da naƙuda ta tsananta yake zaune a gefenta, hannu ɗaya riƙe da nata, ɗayan a kan waya, ita kuwa ta zaci 'yan'uwa yake sanar wa a Zariya. Sai da ta ga yadda fuskar Nanret ta sauya bayan ta leƙa wayar, sannan Fauziyya ta miƙa hannu ta karɓa. Bai hana ta ba.

A fuskar wayar, gidaje ne ashirin da biyar, kowanne da lambarsa, wasu an rufe su da taurari. A ƙasa wasu lambobi na juyawa kamar na injin caca. Layi guda ya kusa cika, gida ɗaya ne ya rage yana ƙyaftawa, ga rubutu na tambaya ko zai sayi ƙarin juyi.

Jikinta ya yi sanyi ƙalau, har ta daina jin zafin ɗinkin da ake mata.

*

Bayan an mayar da su ɗakin hutu ya zauna a bakin gado yana bayani, murya ƙasa-ƙasa. A bas ya fara, a hanyarsa ta zuwa jami'a a unguwar Aldwych, da juyi goma na kyauta. Ya ce shi bai taɓa ɗaukar abin a matsayin caca ba, don akwai zaɓi a ciki, kai ne kake nuna gidan da za a rufe. Kuma ba ka tashi hannu wofi: kullum layi ya kusa cika, kullum ƙarin juyi ɗaya ne tsakaninka da shi. Wata bakwai ke nan. Rubutun digirinsa ma tun bazara bai ƙara masa shafi ba.

"Lokacin da nake kiran sunanka," ta ce, "ka ji ni?"

Ya kalli takalminsa.

"Na ji. Na ce bari in gama wannan zagayen."

Ba ta yi kuka ba. Kallonsa kawai take, mutumin da ke jan sallah a gidansu, wanda mahaifinta ya yaba wa natsuwa.

*

Da la'asar ya ɗauki yarinyar, ya kai bakinsa kunnenta na dama ya fara kiran sallah. Yana tsakiyar shahada wayar ta yi gunji a kan teburin gado, fuskar wayar ta haska: an ba shi kyautar juyi biyar, za su ƙare nan da awa ɗaya.

Bai katse ba. Ya kai ƙarshe, ya juya ta zuwa kunnen hagu. Amma Fauziyya na ganin idonsa, kuma ba a kan yarinyar yake ba.