Akuyar Rahmatu a Kan Dutse

Inuwa direban tipa ya kai rabin dutsen kafin ya fara tunanin yadda zai sauko. A ƙasa mutanen Hayin Banki sun yi cirko-cirko, Rahmatu mai waina na gaba, tana nuna masa inda akuyarta ta maƙale tun hantsi.

Shi ya ja wa kansa. Tun zuwansa Kaduna ba shi da hira a teburin mai shayi sai ta dutsen garinsu Kwatarkwashi, inda, in ji shi, yaro kan iya hawa kafin ya iya tafiya. Wannan na bayan unguwa kuwa tsakuwa yake ce masa. Abin da bai taɓa faɗa ba shi ne gidansu a bakin kasuwa yake, kuma ko katanga bai taɓa hawa ba. To da akuya ta maƙale, wa za a kira?

Da rarrafe ya isa ƙololuwa, gwiwoyi duk sun kuje. Akuyar ta dube shi, ta yi atishawa, ta bi wata tsaga ta sauka abinta. Aka yi ta tafi, ana cewa ko dabba ta san ɗan dutse.

Ya leƙa ƙasa, ya ga nisan da zai sauka. Ya zauna ya rungumi wani ɗan ɓaure da ya tsiro a tsagar dutsen. Har aka yi la'asar bai motsa ba.

Abdurrahim magini ya ɗaga murya: "Bazamfare, ko a miƙo maka tabarma ne?"

"Ba yau aka duban watan azumi ba?" in ji Inuwa. "Shi nika jira."

Magana ta kai kunnen liman, ya fito da kansa. Rana ta faɗi, shanun Fulani suka wuce ta gindin dutsen, jemagu suka cika sama. Can sai ga jinjirin wata, siriri kamar yankan farce. Inuwa ya nuna da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da ɓaure.

Liman ya ce shaidar mutum ɗaya ba ta isa ba. Abdurrahim ya ɗauko tsani biyu daga inda yake gini, aka ɗaure su wuri guda, dattawa biyu suka hau suka gani. Inuwa ya bari suka fara sauka, wai don ladabi, sannan ya biyo su ido a rufe.

Bayan magariba liman ya sa masa albarka, ya ce daga yau duk ƙarshen wata shi zai riƙa hawa ya duba wa unguwa. Abdurrahim ya ce tsanin dai na mai gini ne, gobe zai mayar.

"Mayar da abinka," in ji liman. "Tsani ai don irinmu ne. Shi me zai yi da tsani?"

Aka shafa fatiha. Inuwa ya ce amin tare da kowa.