Mai Gadin Talibambam

Tun da aka sallami maigidana daga aikin gadi ya rasa abin tsarewa sai ni, don yaranmu tuni kowa ya kama gabansa. In na je kasuwa, "Me ya tsayar da ke?" In na leƙa maƙwabta, "Wa kika tambaya?" Shi ya sa ranar da ya tarar da talibambam, 'ya'yan kwaɗin nan baƙaƙe masu jela, suna wutsil-wutsil a tsohon bahon wankin da ruwan sama ya cika a bayan ɗaki, har hamdala na yi. Na samu masu karɓa ta.

Ai kuwa sun ga gata. Mutumin da bai taɓa ɗauraye kofin shayinsa ba, shi ne yake dafa musu ganye yana fifitawa. Ya ja kujera gefen baho, ya ɗora tsohon kulkinsa a cinya. Belbela ta sauko, ya bi ta da takalmi. Kajin maƙwabta suka sha jifa har matar tela ta daina gaishe ni. Babbar abokiyar gabarsa kuwa kyanwata ce, wadda ba ta yi komai ba sai kallo.

"Duk ɓarawon da na taɓa kamawa da kallo ya fara," in ji shi.

Daga nan ya ɗauko gidan sauron autarmu, ya shimfiɗa a bakin baho, ya ɗaure tamau da waya. Kullum kuma sai ya ƙara ruwa har ya taɓo ragar, wai kada su takura.

"Ba shiga, ba fita," ya ce, yana kaɗe hannu.

"To Malam, in sun yi ƙafa fa?"

"Ke me kika sani a harkar tsaro?"

Na koma kicin abina. Ƙafafu suka fito, jela ta fara ƙanƙancewa. Bayin Allah suka riƙa dungurin raga da kai, suna neman iska da wurin tsayawa, suna zamewa a jikin roba. Shi kuwa sai murmushi, wai wasa suke saboda hankalinsu a kwance yake.

Wata safiya na ji salatinsa daga kicin. Na fito da ludayi a hannu na tarar da su birjik a kan ruwa, fararen cikkuna a sama. A gefe ɗaya kyanwa ta yage ragar da farce, yagaggen ya saƙale a bakin baho kamar tsani. Ta nan 'yan kaɗan suka haura, ga su can mitsi-mitsi a cikin ciyawa, suna tsalle sun nufi rariyar katanga.

"Ba abin da ya shiga," ya ce. "Na rantse miki ba abin da ya shiga."

Wallahi ya ba ni tausayi. Har na buɗe baki zan lallashe shi, sai na ga ya hango masu tsallen, ya rarumo kwano zai kife su. Na riƙe masa hannu.

"Bar su, Malam. Yaranmu ma da suka samu kafa haka suka yi, kuma ga su can da ransu. Zuwa ne kawai ba sa yi."